Layuka Tara na Baba

Ranar da ya fara zuwa, Auta ba ta ji sallamarsa ba, ita da kowa ke yaba wa kaifin kunne. Tana sunkuye a kan allon gwaji da ƙarfen dalma a hannu, sai ta ga inuwar mutum a kan teburinta. Ta ɗago ta ga wani dogon saurayi rungume da jakar kwamfuta kamar za a ƙwace masa.

"Na yi sallama sau uku," in ji shi.

"Da baki ko a zuci?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Nan take ta raɗa masa Malam Shiru, sunan kuma ya bi shi har sauran ma'aikata suka manta na ainihi.

Kamfanin na mahaifinta ne, in dai ɗakuna uku da mutum shida sun isa a kira su kamfani. 'Yar na'urar nan suke ƙerawa da masu ƙarancin ji ke maƙalawa a kunne. Baba ya yi shekara ashirin yana gyara wa mutane ji, sai ga shi nasa kunnen ya fara tafiya. Da aka ce ya sayi ta wani kamfani ya saka, ya ce sam, babu abin da zai shiga kunnensa sai wanda ya fito daga teburinsa. Tsohuwar ƙirarsa kuwa ba ta yi masa, domin ita komai take ƙara wa ƙarfi, da magana da ƙarar fanka. Sabuwar da za ta tace hayaniya ita ake jira, yau shekara uku.

A shekaru ukun nan Auta ce kunnen Baba. Muryarta kaɗai yake kamawa ba wahala. In waya ta yi ƙara, ita. In za a ga likita, ita. In baƙi suka zo, tana tsaye daidai kafaɗarsa ta dama tana maimaita masa abin da aka ce. Yayyenta duk sun yi aure sun watse, ita kuwa daga gida sai ɗakin aikin nan na ƙasan bene wanda ko taga babu. An ba ta aiki a wani wuri sau biyu, ta ƙi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Tana son Baba har cikin ranta, amma wani lokacin in ta kalli bangon ɗakin sai ta ji numfashinta na neman tsayawa.

Ciwon sabuwar na'urar ɗaya ne, jinkiri. Firosesan da ke cikinta, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, bai kai ƙwayar wake ba, kuma da ƙaramin batir yake rayuwa. Kafin ya gama aikinsa a kan sauti, milisakan talatin da huɗu sun wuce, wato kashi talatin da huɗu cikin dubu na sakan ɗaya. Abin kamar ba komai ba, amma mai sanye da ita sai ya ga baki ya motsa, maganar ta biyo baya tana amsa-kuwwa, kafin minti biyar kansa ya ɗauki ciwo. Dole a sauko ƙasa da goma. Don haka aka ɗauko Malam Shiru, wanda aikinsa zana cikin irin waɗannan ƙananan firosesoci ne.

A zaman farko ya yi bayani, Auta na miƙa wa Baba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a gina wa firosesan mataimaki a gefensa, wani ɗan sashe da ba ya iya komai sai aiki ɗaya amma cikin tsananin sauri, ko a koya wa firosesan kansa wani sabon umarni da zai haɗiye ayyuka da yawa a bugu guda. Amma kafin a zaɓa, ya ce, a fara auna inda lokacin ke tafiya.

Baba ya kaɗa hannu. "Ni na haifi na'urar nan, na san inda ke mata ciwo. Matacin hayaniya ne. Ka gina masa mataimakin, ka bar mini awo."

Matacin hayaniyar Auta ce ta rubuta shi. Ba ta yi musu ba, ta saba ɗaukar laifi.

Mako shida suka yi a teburi ɗaya. Shi yana zane, ita tana gwadawa, kuma saboda maganarsa ba ta tashi sama, dole ta riƙa matso da kujerarta. Ita da ta wuni tana ɗaga murya, sai ta tarar akwai daɗi a zauna da mutumin da sai an yi shiru ake jin sa. Wata rana bayan an tashi, saƙo ya shigo wayarta:

"Ogata, kin tafi ba ki kashe ƙarfen dalma ba, na kashe. Kin kuma bar rabin burodinki, shi ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Ta mayar masa: "Ka cinye, Malam Shiru. Ko Allah zai sa ya buɗe maka murya."

Daga nan saƙonni suka ƙi ƙarewa. A mako na biyar wannan ya zo:

"Ogata, ina da magana, amma na san in na faɗa da baki za ki ce a zuci na yi. Ina son ki. Na auna, na sake aunawa, sakamakon bai canza ba."

Ta karanta a tsaye a bakin ƙofar kicin. Ta rubuta: "Sau nawa ka auna?"

"Kullum, tun ranar da na yi sallama sau uku."

Sai ta rubuta: "To ni ma nawa awon haka ya nuna. Kada ka bari kanka ya kumbura."

Mama ce ta fara ganewa, domin 'yar da ke dawowa gida da fuska a ɗaure ta koma tana yi wa waya murmushi. Ita ta kai maganar ga Baba, Baba kuwa ya ce bai san zancen ba. Yaron da tun zuwansa bai taɓa gaishe shi ba? Auta ta rantse cewa kullum sai ya gaishe shi har da russunawa, Baba ya ce ai dama za ta kare shi. Da labari ya kai wa Malam Shiru, washegari ya tattaro ƙarfinsa ya ƙwala gaisuwa, muryar ta tsage a tsakiya. Baba ya juyo a fusace yana tambaya wa yaron nan yake yi wa tsawa.

Shi Baba yana da nasa gwanin. Akwai wani dillalin kayan lantarki da ma'aikata ke kira Lasifika, wanda in ya yi sallama a bakin titi ana amsawa a ƙasan bene. Ba mugun mutum ba ne, a gaskiya, surutu ne kawai Allah ya hore masa. Shi kaɗai ne baƙon da Baba ke ji ba tare da Auta ba, don haka yake ganin babu mai ladabi kamarsa. Lasifika yana tallan wani babban firosesa da ya ce zai kashe jinkirin a kwana ɗaya. Bai cika son a tuna masa cewa abin na shanye batir cikin awa biyu ba, yana kuma ɗumama kunne. Bayan firosesan, ya fara shigo da zancen Auta, yana cewa in ya aure ta ai nan kusa zai ajiye ta, kullum tana wajen Baba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi shiga Baba.

Da mataimakin ya kammalu, suka haɗa suka gwada. Daga talatin da huɗu, jinkiri ya sauko talatin da ɗaya. Aikin mako shida ya ba da uku kacal.

Malam Shiru ya jawo kwamfutarsa ya yi awon da aka hana shi tun farko, ya juyo mata da fuskar. Auta ta duba. Kashi bakwai cikin goma na lokacin ba a matacinta yake tafiya ba. A wasu layuka tara yake tafiya, waɗanda ke daidaita ƙarfin sauti don kada ƙara mai tsanani ta bugi kunne. Baba ne ya rubuta su da hannunsa tun kafin ta shiga makaranta, su suka kafa kamfanin, kuma a samansu har yau akwai gargaɗinsa: kada kowa ya taɓa.

"Ba za mu gaya masa ba," in ji ta.

"Ogata, lamba ce. Ba zagi ba ne."

"A wajenka lamba ce. Shi kuwa kunnensa ya tafi, abokansa sun daina zuwa don sun gaji da maimaita magana. Layukan nan kaɗai suka rage masa da zai ce nasa ne."

Ya ce zai faɗa a hankali. Ta yi dariyar da ba ta kai zuci ba, ta ce ai dama bai iya wata faɗar ba.

Washegari aka zauna a ofishin Baba, Lasifika ma yana nan ya zo da samfurinsa. Malam Shiru ya miƙe ya faɗi abin da awo ya nuna, dalla-dalla, cikin ladabi. Baba ya karkato kai wajen Auta yana jira kamar kullum. Ta kalli furfurarsa, sai ta ji bakinta yana cewa da ƙarfi:

"Ya ce mataimakin bai yi aiki ba, Baba. Ya ce iyakar ƙoƙarinsa ke nan."

Ko Lasifika sai da ya buɗe baki ya rufe. Baba ya gyaɗa kai ya ce dama ya sani, a sallami yaron da mutunci, za a duba tayin dillali. Malam Shiru ya dubi Auta sau ɗaya, ya naɗe wayoyinsa, ya rungumi jakarsa ya fita.

Da yamma ta aika masa: "Ka yi haƙuri. Ban san yadda zan yi ba."

Amsa ta zo: "Na san dalilinki, Ogata, ban kuma raina shi ba. Amma a ɗakin nan ba ni da murya sai taki, kuma kin sani."

Ba ta sake samun saƙonsa ba. Kwana tara ta yi tana sauka ƙasan bene tana tarar da kujerarsa a inda ya bar ta. Aka gwada firosesan Lasifika, ya yi sauri kam, amma kafin azahar batir ya mutu. Baba ya ce a nemo babban batir, wanda ke nufin sabuwar ƙira daga tushe, wata shekara biyu ke nan. Auta ta lissafa a ranta, ta ga kanta a kafaɗar Baba har kanta ya yi fari, kuma da bakinta ta rufe wa kanta ƙofar.

Mama ta same ta tana wanke kofi ɗaya har sau uku. Ta karɓe kofin ta zaunar da ita, ta sa ta faɗi komai. Da ta gama, Mama ba ta yi faɗa ba.

"Shekara talatin da biyar ina zaune da mutumin nan," in ji ta. "Taurin kai gare shi, amma ban taɓa ganin ya yi gardama da lamba ba. Ke kika mai da shi ƙwai, kina tafe kina tallabe. Tausayin ya isa haka, Auta, ya fara cin ku ku biyun."

Da safe ta buga sakamakon awon a takarda, ta shiga ofishin Baba ta rufe ƙofa, ta ajiye a gabansa. Ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa, ya kai ƙasa ya sake komawa sama. Sannan ya ɗago.

"Abin da yaron ya faɗa ranar ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"Ke kuma kika gaya mini wani abu daban."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Sau nawa?" Muryarsa ta yi ƙasa yadda ba ta taɓa ji ba. "A shekara ukun nan, sau nawa kika gyara mini magana kafin ta iso ni?"

Ta so ta ce sau ɗaya ne, amma ta gaji. Ta gaya masa na likita, ranar da ya ce kunnen hagun ba zai dawo ba, ita kuma ta ce ya ce a ƙara haƙuri. Ta gaya masa na masu saye da suka yi ƙorafi ta mayar da shi gaisuwa. Ta gaya masa ayyuka biyun da ta ƙi. Baba ya cire tabarau ya rufe idonsa da tafin hannu.

"Na ɗauka kunne na ara," in ji shi. "Ashe 'yata na ɗaure a kafaɗa. Ki kira yaron. Ki ce ya goge layukan."

Ta rubuta saƙon: "Malam Shiruna, na gaya wa Baba komai, har da abin da na yi maka. Ya ce ka zo ka goge layukan. Ni ban isa in ce ka dawo don ni ba, amma ina so."

Sai bayan awa guda amsa ta zo, awar da ta fi mata kwana taran tsawo: "Gobe da safe, Ogata. Ki ce Mama ma ta zo. Kuma ki ci burodinki duka."

Ya iso da allon gwaji a cikin kwali, da 'yar waya mai abin sawa a kunne. Auta ta tsaya a kafaɗar Baba, ta kuma yi wa kanta alkawarin ko me ya faɗa haka za ta miƙa. Ya ce bai goge komai ba. Ya ce kwanakin nan ya zauna da layuka taran yana neman abin da zai rage, bai samu ba, domin bai taɓa ganin wanda ya tsare kunne da lissafi mai tsabta kamar haka ba. Matsalar kawai ita ce firosesan sai ya yi bugu arba'in kafin ya gama su, kuma yana maimaita su sau dubbai a kowane sakan.

"Layukan ba su da laifi, firosesan ne bai iya su ba," in ji shi. "Sai na koya masa. Na zana su a cikin jikinsa, sun zama umarni guda. Abin da yake yi a bugu arba'in, yanzu a bugu ɗaya yake yi."

Auta ta maimaita kalma bayan kalma. Ya kunna allon, lamba ta fito: takwas. Mataimakin da aka raina ya ba da ukunsa, sabon umarnin ya kwashe sauran.

Baba ya karɓi abin ya saka a kunnen dama da kansa. Ya kasa kunne. Can ya juya ya kalli fanka, ya juya ya kalli Mama da ke gyara mayafi, awarwaronta na ɗan kaɗawa.

"Har yanzu kina sa waɗannan?" ya ce mata.

Mama ta kau da kai tana share ido.

Malam Shiru ya russuna, da muryar nan tasa da ko kyanwa ba za ta firgita ba, ya ce, "Barka da safiya, Baba. An tashi lafiya?"

Baba ya zuba masa ido. "Ashe kana gaisuwa."

"Kullum, Baba." Ya ƙara russunawa. "Kuma in ka ba ni izini, ina so iyayena su zo su gan ka a kan maganar Auta."

Jiki ya riga ya saba. Kafin ta ankara Auta ta sunkuya wajen kafaɗar Baba ta buɗe baki za ta maimaita. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Koma ki zauna. Na ji da kaina." Ya dubi saurayin. "Ka ce su zo."

Lasifika, da labari ya same shi, ya yi kwana biyu yana fushi, a na uku ya zo taya murna da muryar da ta sa Baba ya rage ƙarfin na'urar gwajin, har Baban ya tambayi Auta a gefe ko dama haka mutumin nan yake magana.

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure, Baba na zaune a sahun gaba da na'urar farko da ta fito daga ƙira maƙale a kunnensa, babu kowa a kafaɗarsa. Da yamma da aka zo tafiya da amarya, gida ya cika da 'yan'uwa, Auta ta durƙusa nesa da shi kaɗan, fuska a rufe. Kuka ya hana ta ɗaga murya. Ta faɗa can ƙasa-ƙasa, don ranta kawai, ba ta sa ran zai kai ko'ina ba:

"Baba, ka yafe mini."

Daga inda yake zaune Baba ya amsa.

"Na yafe miki, Auta, ke ma ki yafe mini. Tashi ki tafi, mijinki na jira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."